Sharhi: Bayan kaye, wa ke jinyar 'yan kokowar Dogon Dutsi da Tibiri?

Da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, ganguna kan fara tashi a ƙasar Arewa, wato yankin Arawa da ya haɗa gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jahar Doso ta Jamhuriyar Nijar. Daga Matankari zuwa Dan Kasari, daga Gesheme zuwa Dumega da Koren Mai Ruwa, samari na fita dandali su gwada ƙarfi, kowa da burin a zaɓe shi ya wakilci garinsu, daga nan gunduma, daga nan kuma jaha.

Abin da ake hange shi ne takobin ƙasa. An fara gasar a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, kuma a yau kowace daga cikin jahohi 8 na tura 'yan kokowa 10, jimilla 80. Doso ce ta karɓi karo na 45 a watan Disamban 2024, a filin da ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani. Ɗan jahar, Kadri Abdu da aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗaga takobin har sau 6, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Ba abin mamaki ba ne in kowane yaro mai ƙirji a yankin ya ga kansa a wannan matsayi.

Sai dai waɗancan 80 su ne ake gani a talabijin, kuma su ne ke da jami'an lafiya a bakin fili. A bayansu akwai ɗaruruwan da suka faɗi tun a dandalin ƙauye, wasu da kafaɗa a goce, wasu da gwiwa a kumbure. Haka abin yake ga masu buga ƙwallo a filayen makarantu da na unguwanni. Mafi yawan waɗannan raunuka masu warkewa ne. Abin da ke mayar da su ciwon shekara da shekaru shi ne abin da ake yi, da wanda ba a yi ba, a makonnin da ke biyo baya.

Inda jiki ya fi jin jiki

Kokowa wasa ce ta riƙo da murɗa da faɗuwa. Mai neman kauce wa kaye yakan tokare ƙasa da hannu, nauyin mutum biyu ya sauka a kan hannun. Daga nan ake samun gocewar kafaɗa, ko karayar ƙashin da ya haɗa ƙirji da kafaɗa, ko rauni a wuyan hannu da yatsu.

Gwiwa kuma tana lalacewa ne idan ƙafa ta nutse cikin yashi, abokin karawa ya juya gangar jiki, ƙafar ba ta bi ba. A irin wannan murɗa ne jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ke yagewa. Mafi muni ita ce yagewar babbar jijiyar da ke tsakiyar gwiwa: mai ita yakan ji wata ƙara, gwiwar ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, daga baya ta riƙa zame masa in ya juya.

A ƙwallon ƙafa, inda ake wasa a ƙasa mai tauri da ramuka, sau da yawa ba takalmin kirki, targaɗen idon sawu ne kan gaba, sai yagewar tsokar bayan cinya lokacin gudu.

Kwana uku na farko

A ƙauyukan Arewa, wanda ake fara kira shi ne maɗori. Yana kusa, an san gidansu, sana'ar gado ce, kuma ba ya neman kuɗi kafin ya taɓa mutum. Akwai maɗoran da suka daɗe suna ɗori har suka ƙware. Amma hannu ba ya gani cikin nama, kuma targaɗe da tsagewar ƙashi kan yi kama da juna a rana ta farko.

Abin da aka saba yi shi ne a ja gaɓar, a murza ta da ƙarfi, a gasa da ruwan zafi, wani lokaci a kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho don a fitar da abin da ake kira mataccen jini. A ilimin likitanci, sabon rauni jini ne ke tsiyaya a cikinsa. Zafi da murza a wannan lokaci suna ƙara kumburi, tsaga kuma tana buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, ciki har da na sandarewar jiki.

Shawarar masu gashin ƙashi, waɗanda a Nijar ake kira kine, ba ta da wuya. A daina wasan nan take. A kare wurin na kwana 1 zuwa 3, a ɗaga shi sama da ƙirji in an kwanta, a naɗe shi da bandeji ko tsumma mai tsabta ba tare da matsewa ba. In da ƙanƙara, a naɗe ta cikin zane a ɗora na minti 10 zuwa 15 don rage zafin ciwo. Wani likitan Amurka, Gabe Mirkin, ne ya yaɗa ƙa'idar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗagawa a 1978, amma shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da doguwar kwanciya na iya jinkirta warkewa. Ma'ana, ƙauyen da babu firji bai rasa wani babban abu ba.

Akwai kuma alamomin da ke nuna cewa aikin ya wuce gida. Tun 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada suka tsara wata ƙa'ida mai sauƙi ga idon sawu: in mutum ya kasa taka ƙafar taku 4, ko kuma in an danna ƙashin idon sawun kansa ya ji zafi, yana buƙatar hoton ƙashi. Haka in gaɓa ta karkace, ko hannu ya mutu, ko yatsu suka yi sanyi. Kafaɗar da ta goce ma ana so a ɗauki hoto, domin karaya kan ɓuya a bayan gocewa, kuma jan ƙarfi na iya lalata jijiya.

Babban haɗari shi ne ɗaurin kara da aka matse. In gaɓa ta ci gaba da kumbura a cikinsa, jini ya daina gudu, naman ya mutu. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubuta rahotanni kan yara da matasan da aka yanke wa hannu ko ƙafa ta wannan hanya, bayan karayar da in an bar ta ma za ta ɗinke. Ciwon da ke ƙaruwa bayan ɗori, ko yatsun da suka canja launi, alama ce ta a kwance ɗaurin a kama hanyar asibiti a daren.

Wanda kuma kansa ya bugu da ƙasa ya ga jiri, ko ya rikice, ko ya yi amai, ƙa'idar da masana suka sake jaddadawa a taron Amstadam na 2022 ita ce kada ya koma fili a ranar, ko da ya ce ya warware. Makaɗa na zuga shi, jama'a na ihu, don haka hukuncin bai kamata ya zama nasa ba.

Gashi ya wuce ruwan zafi

Kalmar gashi ta sa mutane da yawa na ɗaukar aikin kine a matsayin tausa da ɗumama jiki ko sa na'ura. Ainihin aikin shi ne koya wa gaɓar da ta ji rauni ta sake ɗaukar nauyi, mataki bayan mataki.

Matakin farko shi ne dawo da motsi. Gaɓar da aka ɗaure makonni ba motsi takan sandare, tsokar da ke kewaye da ita ta zube. Shi ya sa bayan kwanakin farko ake so mai targaɗe ya fara juya ƙafar a hankali, ya fara takawa daidai yadda ciwon ya bari.

Na biyu shi ne ƙarfi. Tsohuwar robar tayar keke da aka ɗaura a jikin icce ta isa a horar da tsokar kafaɗa da ta idon sawu. Galan na ruwa ko ƙaramin buhun yashi na maye gurbin ƙarfen ɗagawa, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan duk mako.

Na uku shi ne daidaito, kuma shi aka fi mantawa. Jijiyar da ta yage takan rasa wani ɓangare na saƙon da take aika wa ƙwaƙwalwa game da inda ƙafa take. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, da ido buɗe sannan a rufe, a kan daɓe sannan a cikin yashi, tana dawo da wannan. Bincike ya nuna cewa mutum kusan 4 cikin 10 da suka yi targaɗen idon sawu kan ci gaba da fama da ƙafa mai yawan gurɗewa, kuma wannan atisaye na rage maimaituwar raunin.

Na ƙarshe shi ne gwaji kafin komawa fili. Gushewar ciwo ba ita ce warkewa ba. Ana duba ko ƙafar da ta ji rauni na iya tsalle kamar 'yar'uwarta, ko kafaɗa na iya tura nauyi ba tare da mai ita ya ji tsoro ba.

Kowane rauni da lokacinsa. Ƙaramin targaɗe kan ɗauki mako 1 zuwa 3, babba ya kai wata 3. Kafaɗar da ta goce na buƙatar 'yan makonni a rataye, sannan watanni na atisaye, kuma a tsakanin matasa masu wasan ƙarfi fiye da rabi kan sake gocewa. Wanda aka yi wa tiyatar babbar jijiyar gwiwa kuwa, wani bincike da aka wallafa a 2016 kan 'yan wasa a Norwe ya gano cewa duk watan da aka ƙara ana jira, har zuwa wata 9, yana rage haɗarin sake rauni da kusan rabi.

Ɗan kokowa manomi ne

A nan ne batun ya fita daga shafin wasanni. Ɗan kokowar Arewa ba shi da albashi ko inshora. Da damina manomi ne, da rani ko dai yana lambu a fadamun Dallol Mawri, inda ake noman dankalin turawa da kayan miya, ko kuma ya tafi ci-rani Najeriya ko wata ƙasar gaɓar teku, inda aikin duk na ƙarfi ne: dako, tura baro, haƙa, gini.

A ɗauki misalin saurayin da kafaɗarsa ta goce a watan Nuwamba. In ya samu kulawar da ta dace, kafin ruwan farko a watan Yuni ya isa riƙe hauya. In kuwa an mayar da ita da ƙarfi, ya koma fili bayan kwana 10 saboda gasar gunduma ta matso, ta sake fita, to ya rasa gasar, ya rasa ci-rani, kuma gonar gidansu ta rasa hannu guda a lokacin noman fari. A gidan da abincin shekara ya dogara da damina ɗaya, wannan asara ta fi ta takobi.

Wannan matsi ne kuma ke tura matasa ga ƙwaya. Masu tallan magani a kasuwannin ƙauye na sayar da masu kashe ciwo ba tare da takardar likita ba, kuma tramol ya daɗe da zama matsala a Nijar da maƙwabtanta. Ƙwayar ba ta ɗinke jijiya. Tana kashe gargaɗin da jiki ke bayarwa ne, mutum ya ci gaba da murɗa gaɓar da ta riga ta yage, ga haɗarin sabo da farfaɗiya in an sha da yawa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta tramadol a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024. A dandalin ƙauye babu mai awo, don haka abin da zai hana shi ne samun wata hanyar da ta fi ƙwayar.

Ina ma'aikatan suke?

Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin biyu na da mutane sama da 600,000, kuma adadin ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Tsarin lafiyar Nijar na farawa ne daga ɗakin shan magani na ƙauye, zuwa cibiyar CSI, zuwa asibitin gunduma, sannan asibitin jaha. An gina ƙananan matakan ne don zazzaɓin cizon sauro da haihuwa da rigakafi da tamowa, abin da ke da hujja, domin su ne ke kisa. Rauni da ba ya kisa amma yana nakasa bai samu gurbi sosai ba.

Ƙwararrun gashin ƙashi a Nijar sun fi taruwa a manyan birane, musamman Yamai, inda ake da babban asibitin ƙasa da asibitin ƙwararru, da kuma asibitin CURE da aka buɗe a 2010 don yara masu nakasar da tiyata ke gyarawa. Daga Dogon Dutsi zuwa Doso kimanin kilomita 140 ne, zuwa Yamai kuma kusan ninki biyu. Gashi ba allura ɗaya ba ce. Ana buƙatar ganin ma'aikaci sau da yawa cikin makonni, kuma kuɗin mota da masauki kaɗai sun isa su sa iyali su haƙura.

Wasu kan tsallaka iyaka zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi, masu hali su wuce har asibitin ƙashi na Dala a Kano. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kai har watan Maris na 2024, ya nuna cewa ba kullum ake iya dogaro da wannan hanya ba.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane biliyan 2.4 a duniya na da larurar da gyaran jiki zai taimaka musu, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da dama ƙwararrun ba su kai 10 ga mutum miliyan ɗaya ba. A watan Mayun 2023 babban taron hukumar ya amince da ƙuduri na farko kan wannan fanni, inda ya nemi ƙasashe su shigar da shi cikin kiwon lafiya na matakin farko. Ga Arewa, wannan na nufin CSI na Matankari ko na Dumega.

Abin da ba ya buƙatar miliyoyi

Mataki mafi arha shi ne hana raunin aukuwa. FIFA ta fito da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+ a 2006, wanda ya haɗa gudu da ƙarfafa tsoka da tsalle da tsayuwa da ƙafa ɗaya. An gwada shi a kan ƙungiyoyin matasa 20 a Legas, sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100. Ba ya buƙatar komai sai fili da mai horarwa da ya san shi. Akwai kuma atisayen da mutum ke durƙusawa, abokinsa ya danne masa diddige, shi kuma ya riƙa faɗowa gaba a hankali, wanda bincike da dama suka nuna yana rage yagewar tsokar bayan cinya da kusan rabi. Malaman motsa jiki da cibiyar INJS ta Yamai ke yayewa, waɗanda ke koyarwa a makarantun sakandare, su ne suka fi kusa da kai wannan ga matasa. An tsara 11+ ne don ƙwallo, amma ƙarfin cinya da daidaiton ƙafa duk ɗan kokowa na buƙatar su.

Na biyu shi ne jawo maɗora a jika. Hana su aiki ba zai yiwu ba, kuma jama'a ba za su daina zuwa wurinsu ba. A kudancin Habasha an taɓa tara maɗora aka yi musu horo na kwana ɗaya kan haɗarin matse ɗauri da lokacin da ya kamata su tura mutum asibiti. Rahoton da aka wallafa a 2005 ya nuna yanke gaɓoɓi sakamakon ɗori ya ragu ƙwarai a shekaru biyun da suka biyo baya. Sarakunan gargajiya da masu unguwanni a Arewa sun san kowane gidan ɗori, kuma kiransu taro ba zai gagara ba.

Na uku shi ne saukar da aikin zuwa gunduma. Nijar ta taɓa yin irin haka: tun tsakiyar shekarun 2000 take horar da likitocin gama-gari su yi tiyatar gaggawa a asibitocin gunduma, kuma jahar Doso na cikin wuraren da aka auna amfanin shirin. In an iya kai tiyatar haihuwa gunduma, ana iya kai kine guda da zai riƙa duba marasa lafiya a asibiti, ya fita CSI a ranakun kasuwa, ya koya wa malaman jinya abubuwan farko. Ba 'yan wasa kaɗai za su amfana ba. Wanda kabu-kabu ya kayar, da mai shanyewar ɓarin jiki, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, duk layi ɗaya za su bi.

Na huɗu yana hannun masu shirya gasa. Hukumar kokowa ta ƙasa da rassanta, da ƙananan hukumomi, da 'yan kasuwa da 'yan siyasar da ke liƙa kuɗi a fili, na iya sa sharaɗin cewa ba za a buga gangar zaɓe ba sai da jami'in lafiya a wurin, mai ikon cewa wane ba zai ci gaba ba. Za kuma a iya ware wani kaso na kyaututtuka don jinyar waɗanda suka ji rauni. Rubuta kowane rauni a littafi ma ci gaba ne, domin da alƙaluma ne ake neman kasafi a ma'aikatar lafiya.

Akwai mai cewa ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da ƙarancin kuɗi tana da abin da ya fi targaɗen ɗan kokowa muhimmanci. Gaskiya ne an fi gaggawar ceton rai. Amma uku daga cikin matakan nan huɗu horo ne da tsari kawai, kuma wanda ke jin raunin shi ne mai shekara 18 zuwa 30 da gida ke jiran ƙarfinsa.

Kaka mai zuwa za a sake share dandali a Dan Kasari da Gesheme, a zuba yashi, makaɗa su zo. Za a yi kaye, wasu za su tashi da ɗingishi. Ko za su iya riƙe hauya a watan Yuni ya danganta ne da wanda ya fara taɓa su a daren, da abin da ya sani.